Ashe Wuyana Ne Ke Soyayya

Jama'a, tun kafin ku fara dariya bari in wanke kaina: ni bakina bai taɓa cewa yana son mutumin nan ba. Jikina ne ya yi ta yawo yana ba da labari ba tare da ya shawarce ni ba.

Ga wanda yau ya fara karanta ni, ni ce auta a gidanmu. Yayyena duk sun tafi gidajensu, ni kaɗai na rage kamar cokalin da aka manta a tukunya. Sana'ata kwalliya. Ina zana gira, ina manna gashin ido, ina rufa wa ƙurajen mutane asiri. Shagonmu yana saman wani bene mai shaguna da yawa, mai shagon kuwa Madam muke ce mata, mace mai faɗan tsiya da kirkin tsiya. Daidai ƙarƙashinmu akwai wani mai sayar da fankoki da na'urar sanyaya ɗaki, kowa Mai Fanka yake ce masa. Dogo ne siriri, kullum rigarsa a goge kamar zai je neman aiki. Idan ya fara magana kana iya zuwa ka sha ruwa ka dawo bai kai ƙarshe ba.

Da zafi abin ya fara. Ba zafin gari ba, nawa na kaina. Ana sheƙa ruwan sama, mutane na neman rigar sanyi, ni kuma gumi na bin bayana kamar an kunna famfo. Hodar da na shafa da safe kafin azahar ta gangaro haɓa. Fankar shagonmu guda ɗaya ce, ita ma Madam ta juya ta wajen kwastoma, ta ce wanda ya biya shi ke shan iska.

To wata rana da hutun cin abinci na sauka ƙasa, na leƙa shagon Mai Fanka, na ga fankoki jere suna ta juya kai kamar masu gaisuwa. Ban san sanda ƙafata ta kai ni ciki ba.

"Sannu, Malam. Wannan tana da ƙarfi kuwa?"

"Tana... da shi," in ji shi. "Bari... in kunna miki."

Ya kunna. Na tsaya a gabanta na lumshe ido, gyalena na tashi. Wallahi ji na yi kamar an yafe mini zunubaina.

Washegari na koma na tambayi wata. Wanshekare wata. Kafin wata ya ƙare na gwada duk fankar da ke shagon nan ban sayi ko igiya ba. Shi kuwa bai taɓa ɓata rai ba. Har kujera ya tanada mini, da zarar ya ji takun takalmina a matattakala sai ya juyo duk fankokin su fuskanci kujerar. Ya raɗa mini suna Ta Sama, tunda daga sama nake saukowa.

Abin da ban sani ba, bawan Allah yana nan yana tattara hujjoji. Idan ya miƙo mini ruwa, hannuna na rawa har ruwan ya zube. Idan ya yi magana, idanuna a kansa tar, don a 'yan kwanakin nan sun ɗan firfito, ko ƙiftawa ba na cika yi. Kuma ƙirjina yana dukan tara-tara har ana ganin rigata na motsi. Ku gaya mini, in ku ne me za ku ce?

Wata safiya ina ɗaura ɗankwali sai ga saƙo daga baƙuwar lamba:

"Salamu alaikum Ta Sama. Madam ce ta ba ni lambarki. Na lura da komai. Kada ki ji kunya. Ni ma haka."

Na rubuta: "Kai ma haka me?"

Ya turo hoton zuciya. Sannan ya turo hoton fanka, ban san dalili ba.

Na haura shago a fusace, don a lokacin abu kaɗan ke tunzura ni. "Madam, ke kika ba da lambata?"

Ko ɗagowa ba ta yi ba daga farcen da take gogewa. "Zauna. Kina samun barci?"

"A'a."

"Gabanki na faɗuwa?"

"Kullum."

"Kin rame?"

"Siket ɗina ma da fil nake riƙe shi."

"Ina kike zuwa kullum da rana?"

Na saci kallon matattakalar da ke sauka shagon Mai Fanka.

"To ni na yi aure har sau biyu," in ji ta, "na san cutar nan tun daga nesa. So ne, 'yar nan. Kuma mai tsanani ya kama ki."

A gida kuwa Mama ta daɗe tana kallona ta gefen ido. Ina cinye shinkafa faranti biyu in ɗora da burodi da ƙwai, in bi tukunya in kankare, amma kullum ƙashin wuyana ƙara fitowa yake. Ta rage mini riguna a kekenta har ta gaji. Da ta rasa gane kaina sai ta kira Gwaggo, yayar Baba. Gwaggo ita ce hukumar gidanmu. Unguwarta daban, amma ko labule ba a canjawa a falonmu sai da izininta, kuma tun ranar da yayata ta ƙarshe ta tare ta sa ni a gaba da maganar aure.

Ta zo ta zauna a kujerar Baba, ta ɗora jaka a cinya, ta ƙare mini kallo.

"Wane ne?"

"Wa, Gwaggo?"

"Kada ki raina mini hankali. Yarinya ta ci ta ƙi ƙiba, ta kwanta ta ƙi barci, ai akwai mai shi. Ki ce ya fito, ko in je in fito da shi."

Kuma kamar an aika masa, a ƙarshen makon nan ya sallamo ƙofar gidanmu, ya sha farar riga da turare, rungume da wata fanka mai tsayin Baba. Mai batir ce, ko an ɗauke wuta tana aiki. Ya haɗa ta a falo da hannunsa, ya danna. Iska ta bugi Baba, jaridarsa ta tashi sama. Baba ya gyara zama ya ce, "Yaron nan akwai tarbiyya."

Aka ce in kawo shayi. Na sa doguwar rigata ruwan toka wadda Mama ta rage wa ƙugu, na yafa gyale mai ɗigo-ɗigo, na ɗauko tire. Jama'a, tun daga kicin ake jin tahowata. Kofuna na karo da juna, cokula na kaɗawa, kamar mai tallan tangaran ya hau keke. Kafin in kai tebur rabin shayin yana cikin tire.

Gwaggo ta dafe ƙirji. "Allah sarki! Kun ga kunya? Yaran yanzu ina suka san wannan?"

Shi kuwa ya sunkuyar da kai yana murmushi kamar wanda ya ci gasa.

Gaskiyar da zan gaya muku, ni ma na fara yarda. Kowa ya ce so ne, kuma ni ban taɓa yi ba balle in san kamanninsa. Na ce a raina, to in haka so yake, lallai masu yi suna da ƙoƙari. Kuma mutumin ba shi da abin ƙi. Kullum da safe saƙonsa ne ke tashe ni, in ma na yi barcin ke nan: "Kin tashi lafiya? Kada ki manta da laima." Ba ya iya daɗin baki ko kaɗan. Rannan ya so ya yabe ni, ya ce idanuna kamar fitilar mota. Na ce na gode. Aka fara maganar manyansa za su zo su ga Baba.

Sai ranar gira.

Wata mata ce ta shigo da sauri, fara mai jiki, da tabarau, ta ce taro za ta je za a ɗauke ta hoto, a yi mata kwalliya mara hayaniya. Na yi hoda lafiya. Na zana girar hagu da ƙyar, ina riƙe numfashi. Da na zo ta dama sai hannuna ya ce shi fa bai san zancen ba. Fensir ya tashi daga inda gira take ya nufi goshi, ya yi kwana, ya dawo. Matar ta buɗe ido ta kalli madubi. Fuskarta ta koma kamar ta wadda aka gaya wa farashin abu ba ta yarda ba.

Madam ta saki ƙara. "Kin kashe ni! Wannan ce ta nawa a watan nan? Soyayya hauka ce? Ajiye fensir ɗin nan ki ɗauki jakarki!"

Na ji ƙwalla ta cika mini ido, don aikin nan shi ne abin da na iya a duniya, kuma ina son sa. Amma matar ba madubi take kallo ba, ni take kallo, da girarta ɗaya a sama.

"Dakata, Madam. Ke, miƙo hannuwanki gaba."

Na miƙa. Ta ɗora mini takardar goge fuska a bayan hannu. Takardar ta kama rawa kamar ana mata kiɗa. Ta kama wuyan hannuna tana ƙirga bugun jinina. Sannan ta ce in cire gyale in kurɓi ruwa in haɗiye, tana kallon maƙogwarona.

"Gashinki na zuba?"

"Sosai. Har ƙwayar gyaran gashi nake sha, wadda muke sayarwa a nan."

"Ni likita ce," in ji ta. "Ki ajiye ƙwayar nan na 'yan kwanaki, don irinta tana rikita sakamakon gwaji. Sannan ki same ni a asibiti a ɗebi jininki. Ina zargin tayirod ɗinki ne."

"So ne, Likita," in ji Madam da ƙarfin gwiwa.

"To bari mu ga ko zai fito a jini. Yanzu wani ya sauko mini da girar nan."

Da na kai labari gida Gwaggo ta yi tsalle ta dire. "Gwaji? Ana tsakiyar maganar aure? Wa ya aike ki tonon abin da ke kwance? Mu da muka yi zamani ba a gwada mu ba, mutuwa muka yi?" Mama ta bari sai da Gwaggo ta tafi. Sannan ta shigo ɗakina ta zauna a bakin gado, ta shafa wuyana da yatsunta masu ƙanshin albasa. "Auta, ki je. Ni tun farko ramar nan ba ta kwanta mini ba. Na so ubanki, amma ban taɓa cinye tukunya saboda shi ba."

Mai Fanka ya ce shi zai kai ni, ba a isa a hana shi ba. Ya rufe shago, ya zo da motarsa da ya wanke har taya. A hanya yana ta ba ni baki. "Kada... ki ji tsoro. Allura ba komai ba ce. Ki kalle ni kawai."

Ɗakin ɗiban jini ɗan ƙarami ne, kujera ɗaya mai hannu, da kwalabe masu murfi kala-kala. Ma'aikaciyar ta ɗaure mini dantse da roba, ta ce in dunƙule hannu, ta goge da auduga mai sanyi. Na juya ina kallonsa kamar yadda ya ce. Shi kuma ya yi kuskuren kallon allurar. Na ga fuskarsa ta yi fari, ya buɗe baki ya ce, "Ta Sama, ki daure..." Sai kawai ya tafi, a hankali, kamar yadda yake magana. Goshinsa ya gaisa da bakin tebur.

Ni ko zafin allurar ban ji ba. Ma'aikaciyar ta gama cika kwalbarta tsaf, ta manna mini auduga, sannan ta leƙa ƙasa ta ce, "Wannan rakiya ya zo ko jinya?" Ƙarshenta ni na riƙa yi masa fifita da katin asibitina, ni na saya masa lemo.

Ranar karɓar sakamako ya sake biyo ni, da filasta a goshi. Likita ta gane shi tun daga ƙofa, don labarinsa ya zaga asibitin. Ta zaunar da mu ta juyo da fuskar kwamfuta.

"Kin ga nan gaban wuyanki akwai wata 'yar tsoka mai kamar malam-buɗe-littafi. Ita ce tayirod. Ita ke tsara saurin da jiki ke aiki da shi. Taki ta ƙure maleji. Sinadarin da take fitarwa ya yi yawa a jininki, shi kuma wanda ƙwaƙwalwa ke aiko mata da shi, TSH, ya faɗi ƙasa warwas, don ƙwaƙwalwar tana ta ce mata ya isa haka ba ta ji."

"Mutuwa zan yi, Likita?"

"Wata rana, kamar kowa. Amma ba da wannan ba, in kin sha magani. Da kin bar shi dai zai iya gajiyar miki da zuciya." Ta rubuta mini ƙwayoyi iri biyu, ɗaya ta rage wa tsokar zafin nama, ɗaya ta lallashi bugun zuciya. Ta ce bayan 'yan makonni in dawo a sake gwaji. Ta ja mini kunne cewa in na ji zazzaɓi da ciwon maƙogwaro kada in tsaya shan komai, in taho nan take, kuma duk ranar da na fara tunanin haihuwa ita za ta fara ji kafin kowa.

Ina ta gyaɗa kai, har wani sanyi nake ji a raina, ashe abin yana da suna kuma yana da magani. Sai na ji Mai Fanka ya yi gyaran murya.

"Likita... rawar hannun nan fa?"

"Shi ne."

"Faɗuwar gaba?"

"Shi ne."

"Rashin barci? Da... kallon da take yi wa mutum?"

"Duk shi ne."

"Zuwa shagon fanka kullum?"

Likita ta cire tabarau. "Masu wannan ciwon ba sa jure zafi, Malam. Da kai mai sayar da ƙanƙara ne ma da ta zo."

Wayyo Allah. Da ƙasa za ta tsage da na shige har da jakata.

Ya tuƙo mu har gida. Ya buɗe mini ƙofa, ya miƙo mini ledar magani da hannu biyu, ya tafi. Ban gama cire takalmi ba saƙo ya shigo:

"Ki yafe ni. Kina fama da ciwo ni kuma ina ta murna. Ba zan bari a ɗaura miki abin da ba ki ce kina so ba. Ki sha magani a kan lokaci."

Na rubuta "Ba haka ba ne," na goge. Na rubuta "Haka ne," na goge. Don Allah ya gani, ni kaina ban san wanne ne gaskiya ba. Ban tura komai ba.

Da Gwaggo ta ji, sai da maƙwabta suka leƙo. "Maƙoƙo! Maƙoƙo a zuriyarmu! Ba na faɗa ba? Ga shi ya gudu!" Na ce mata ɗan kumburin ko gani ba a cika yi, kuma ba gudu ya yi ba. Ina! Ta naɗe mini wuya da mayafinta kamar mai mura, ta ce kada in sake kowa ya gani. Baba ya daɗe yana kallon fankarsa, sannan ya ce da ƙaramar murya, "Yanzu sai mun mayar masa ke nan?" Kafin mako ya zagayo Gwaggo ta samo madadi, wani ɗan ƙanin mijinta mai kantin magani. "Ga shi da gida, ga shi da tumbi, kuma magani kyauta har ki mutu. Allah ne ya haɗa."

Na fara shan magani. Sannu a hankali duniya ta rage gudu. Barci ya dawo, irin wanda Mama ke buga ƙofa da muciya. Gumi ya tsaya. Na cire fil daga siket. Madam, wadda ta dawo da ni aiki tun ranar da ta ga takardar asibiti tana cewa ita dama ta yi zargi, ta tsaya a kaina na zana gira biyu kamar tagwaye. Gwaji na biyu ya nuna abin yana saukowa, Likita ta rage mini ƙwaya ta ce in ci gaba, tafiyar da sauranta.

Komai ya daidaita, sai abu ɗaya. Kullum da safe sai in tsinci kaina ina duba waya. Ruwa ya kama ni a hanya ya yi mini dukan tsiya, na tsaya a ƙarƙashin wata rumfa ina jin haushin babu wanda ya ce in ɗauki laima. A shago kunnena na ƙasa, na san ƙarar ƙofarsa, na san tarinsa. In na sauko sai ya shige bayan kwalaye, dogon mutum yana ɓuya a bayan kwalin da bai kai masa ƙugu ba. Zuciyata lafiya lau take bugawa, tik, tik, kamar ta mai hankali. Amma abinci ya daina daɗi, kuma wannan karon babu tsokar da zan ɗora wa laifi.

Ran Asabar da la'asar Gwaggo ta bugo waya ta ce in yi wanka in sa rigata mai ruwan goro, ga ta nan tafe da mai kantin magani. Ina zaune gaban madubi da gira ɗaya a zane, na rasa ƙarfin zana ɗayar, sai na ji sallama a tsakar gida. Wata 'yar tsohuwa ce gajeriya, da jaka a hammata, tana tafe kamar ana bin ta. Kafin Mama ta gama amsa sallama ta riga ta zauna.

"Ni ce uwar mai fankar nan. Ina yarinyar? Ke ce? Zo nan in gan ki. Wannan ne wuyan da ake ta magana? To me ya yi? Ƙanwata ma tana da shi, ƙwayarta take sha, 'ya'yanta sun cika gida. Ni ba wannan ya kawo ni ba."

Na durƙusa na gaishe ta, ina mamakin yadda wannan mata ta haifi wancan mutum. Ina jin duk saurin gidan ita ta kwashe.

"Ɗana ya lalace," in ji ta. "Ba ya ci, ba ya barci. Rannan ya haɗa wa wani fanka a juye, tana zuƙe iskar ɗaki. Sai ya ce mini shi ma lallai ciwon wuyan nan ne ya kama shi, ƙila a wajenki ya ɗauka. Aka ce masa ba a ɗauka. Ya ƙi ji. Ya tashi da ƙafarsa ya je a ɗebi jininsa."

"Shi?" na ce. "Da allura?"

"A kwance suka ɗiba, sun ce sun san shi. Duk da haka sai da ya suma. Sakamako ya fito, jininsa tas kamar na jariri. Ya ce a sake, ƙila an yi kuskure. Likitar ta ce masa, Malam, abin da ke damunka ba a ɓangarena yake ba, ka je ka nemi inda ka ajiye shi."

Mama ta toshe baki da gefen zane. Baba da ke falo ya rage ƙarfin fanka don ya ji da kyau.

"Yanzu ya ce zai saki shagon ya koma wajen wansa a wani gari, wai ba zai iya jin takun takalminki a saman kansa ba. Har ya fara ɗaure kaya. Ni kuma ba na son aikin wai-wai. In babu, ki ce babu, in tafi da abina in yi jinyarsa. In akwai, ga shi can a mota, ya ƙi shigowa."

Na kalli Mama. Mama ta kalli rufin ɗaki ta ce, "Ni ban ga komai ba. Amma takalminki na bakin ƙofa."

Ko gyale ban tsaya zaɓa ba, na Mama na fizga daga igiya. Yana tsaye jikin mota, rigarsa a yamutse, karo na farko a tarihi. Ya rame har ya fi ni a lokacin da nake ganiyar ciwo. Da ya gan ni ya miƙe tsaye sosai, ya rasa inda zai sa hannuwansa.

"Malam," na ce, "ina da magana."

"Dakata." Ya ɗaga hannu. "Kafin... ki ce komai. Kin sha maganinki yau?"

"Na sha."

"Jiya fa?"

"Ban taɓa tsallakewa ba."

"Zafi kike ji?"

"Sanyi ma nake ji."

Ya ja dogon numfashi. "To faɗi. Ina jin ki."

Ni da nake da baki kamar reza, sai ga ni ina wasa da gefen gyale. "Kada ka saki shagon," na ce. "Kuma ka ce wa manyanka Baba yana nan ran Juma'a. Wannan ni ce na faɗa, da hankalina, ba wuyana ba."

Ya buɗe baki. Na san zai ɗauki lokaci, don haka na gyara tsayuwa ina jira. Ya kai "Ta... Sa..." ke nan sai wata jar mota ta shawo kwana tana hon, ta tsaya daf da ƙafafunmu. Gwaggo ta fito daga gaba tana gyara mayafi. Daga ɗaya ɓangaren wani mai tumbi ya fito da ƙyar, rungume da kwandon da aka naɗe da leda mai ƙyalli, cike da kwalaben maganin ƙarin jini.

Gwaggo ta kalle ni, ta kalli Mai Fanka, ta kalli wuyana a buɗe. A daidai lokacin ƙofar gidanmu ta buɗe, 'yar tsohuwar nan ta fito tana naɗe hannun riga, ta ƙare wa Gwaggo kallo daga sama har ƙasa.

"Baiwar Allah," in ji ta, "ke ce mai cewa ɗana ya gudu?"